Pan Kornel Da Fim Ɗin Bene

A garinmu, inda ake ce wa namiji Pan, mace Pani don girmamawa, babu wanda bai san muryar Pan Kornel ba, har waɗanda za su wuce shi a kasuwa ba su gane shi ba. Shekara talatin da biyu shi ne mai sanarwa a tashar jirgin ƙasa. Da muryar da zai ce jirgin Lublin ya iso, da ita zai ce jirgin zai makara awa uku, da ita kuma ya taɓa sanar da cewa an tsinci haƙoran roba a ɗakin jira, mai su ya zo ya karɓa. Ba ta hawa, ba ta sauka. Zenon mahauci yakan ce ko gidan Kornel ne ya kama da wuta haka zai sanar, ya ƙara da ba fasinjoji haƙuri.

Saboda wannan muryar ƙungiyarmu ta masu kallon fim ta ɗauke shi mai karatu tun gashinsa yana baƙi. In fim ɗin ƙasar waje ya zo Gidan Al'adu, mutum ɗaya ne ke zama a gefen zaure, da ɗan tebur da fitila da makirfo, yana karanta mana fassarar duk abin da aka faɗa, na maza da na mata. Ƙa'idar aikin guda ce: mai karatu ba ya kuka, ba ya dariya, ba ya ƙara ko kalma ɗaya wadda ba ta cikin takarda. In mace na kururuwa a majigi, shi zai ce "ku taimake ni" kamar mai tambayar kuɗin kabeji. Baƙo yakan kwashe da dariya. Mu kuwa bayan minti biyar mun manta akwai shi, sai mu rantse da kunnenmu muka ji matar.

Ni sunana Mirka. Shekara arba'in na yi ina ba mutane magani a kantin da ke kallon coci, an kuma ce bakina ya fi maganin ɗaci. Ban taɓa musawa ba. Ina cikin ƙungiyar tun ranar da aka kafa ta, don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi, wani ma da hannuna a ciki.

Akwai wani tsohon fim marar launi da aka kawo mana a 1978, aka manta ba a zo an karɓa ba. Sunansa na ainihi dogo ne, mu dai "fim ɗin bene" muke cewa. Babu jini a cikinsa, babu dodo, amma na san ƙatti da suka yi mako suna hawa benen gidajensu da gudu saboda shi. Labarin matar wani mai gyaran agogo ne. Matakalar gidansu taki goma sha uku ce. Wata safiya ta ƙirga ta samu sha huɗu. Bayan kwana biyu, sha biyar. Ta gaya wa mijin, ya shafa kanta ya ce ta huta. Ta sa alli ta rubuta lamba a kan kowane taki, da safe ta tarar lambobin sun kai sha shida, kuma duk rubutun hannunta ne. Mijin mutum ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga mata murya ba, har ranar da ya kira likita. A ƙarshe mota ta zo ta tafi da ita. Mijin ya rufe ƙofa, ya fara hawa matakalar shi kaɗai, leɓɓansa na motsi amma ba a jin komai. Kafin ya kai sama fim ya ƙare.

To, a kan leɓɓan nan garinmu ya rabu biyu. Wasu suka ce addu'a yake yi: matarsa ta haukace, bawan Allah yana roƙa mata sauƙi. Wasu suka ce ƙirga yake yi, wato ya san takin sun ƙaru, ya san gaskiya ta faɗa, ya bari aka tafi da ita. Akwai wani kafinta da ya dage cewa mijin ne da kansa yake ƙara katakon, har yakan zana mana yadda za a yi, amma ba wanda ya bi bayansa. Tun a kallon farko gardama ta yi zafi, sai mai sharar zauren ta ɗauko kwalabe biyu da aka cinye kokwambar cikinsu, aka manna wa ɗaya takarda mai "addu'a", ɗaya mai "ƙirga", aka ajiye kwanon wake a tsakani. Duk mai fita ya jefa ƙwaya ɗaya. Daga nan abin ya zama al'ada. Ɗaya ga Nuwamba mu kai kyandir maƙabarta, Lahadin da ta biyo baya kuma, ƙarfe uku na rana, fim ɗin bene, shayi, gardama, wake.

Kowace shekara sai wani ya juya ya tambayi Kornel, tunda shi ke riƙe da takardun.

"Pan Kornel, don Allah me mutumin nan yake cewa?"

"Ba a rubuta komai ba," zai ce, yana haɗa takardunsa.

"To kai a ganinka fa?"

"Mai karatu ba shi da ra'ayi."

Bai taɓa jefa wake ba.

A shekarar farko matarsa Ludwika kusa da ni ta zauna. Mai buga tafireta ce a masana'antar sukari, doguwa, mai dariya da ƙarfi, irin matan da in sun shigo ɗaki sai ka ji kamar an buɗe taga. Ta jefa wakenta a kwalbar ƙirga ta ce, "Haba Mirka, ke ma kin san maza. Wa ya taɓa ganin namiji yana addu'a a kan bene?" 'Yarsu Jagoda shekararta huɗu a lokacin.

A hunturun da sojoji suka cika tituna aka katse wayoyin tarho, Ludwika ta fara canzawa. Kowa ya sani, ba tare da an faɗa ba, cewa ba takardun sukari kaɗai take bugawa a tafiretarta ba, har da na masu adawa da gwamnati. Ta fara cewa ana shiga gidansu in ba sa nan. Ba a ɗaukar komai. Gishiri ne za ta tarar a gwangwanin sukari. Hoton aurensu da ke bangon hagu ya koma na dama. Wata rana kuma ta ce labulen kicin ne aka canza da wani mai kama da shi. Ta zo kantina idanunta sun faɗa, ta miƙo hannu ta kama nawa.

"Mirka, kin san labulena. Ke kika raka ni na saya. Zo ki gani ki faɗa masa."

Na je, na duba. Ni dai labule na gani, kore mai ɗigo-ɗigo, kuma gaskiya ban iya tuna ko ɗigon wanda muka saya manya ne ko ƙanana ba. Na ce mata ta samu barci, na ba ta ƙwayoyin da likita ya rubuta. Kornel yana tsaye a ƙofar kicin yana kallonmu. A watan Afrilu ya sa hannu a takarda, motar asibitin masu taɓin hankali ta zo ta tafi da ita. Can ta rasu bayan shekara biyar. Jagoda ta koma hannun gwaggonta a Lublin.

Na ɗauka daga nan an gama da fim ɗin bene. Ina. Shekara biyu ƙungiya na rufe, da aka buɗe shi ne abu na farko da mutane suka nema, zaure ya cika har da masu tsayuwa. Na kuma ɗauka Kornel zai ce a nemi wani mai karatu. Sai ga shi da kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya kunna fitila, ya karanta daga farko har ƙarshe, muryar nan ko gezau. Daga baya na gane cewa da ya ƙi zuwa, da ya ba da amsa ke nan.

Mu kuwa abin da muka yi ya fi muni, kuma ina jin kunyarsa har yau. Babu mai ƙarfin halin tambayarsa ido da ido, sai muka mayar da fim ɗin kotu. Ba a ambaton sunan Ludwika. "Matar" ake cewa, da "mijin". Amma duk wanda ya miƙe zai yi magana sai ya saci kallon ɗan teburin nan.

Zenon ne shugaban 'yan ƙirga. Yakan miƙe, ya ɗaga hannayen nan nasa kamar cinyoyin alade, ya ce, "Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma in na ga mutum yana auna abu na san shi. Ku dubi haɓarsa, kowane taki sai ta motsa sau ɗaya. Wace addu'a ce ke tafiya da ƙafa?"

Ni kuma uwar 'yan addu'a. "Zauna, Zenon. Kai da ba ka shiga coci sai an mutu, ina ka san yadda bakin mai addu'a yake? Rubutun wa aka gani a kan takin? Nata. Ciwo ne, kuma ciwo ba laifin kowa ba ne."

"Ai ke dole ki ce ciwo ne, Pani mai magani. In ba ciwo, me za ki ci?"

A yi dariya, a sha shayi, a jefa wake. Yawanci mu ke cinyewa, da tazarar ƙwaya goma ko sha biyar. Na san dalilin da ya sa nake ɗaga murya haka. In gaskiya matar ta faɗa, to ni ce na kalli labule na ce ta je ta yi barci.

A 1990 Jagoda ta zo kallon, tana 'yar shekara sha shida, ta zauna can baya, ban ma lura da ita ba. A ranar gardama ta kwashe ni har na faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Na ce su tuna a farkon fim an nuna hoton uwar matar an juya shi yana kallon bango. Na ce irin wannan ciwon a jini yake, uwa ta ba 'ya, 'ya ta ba jika. Da muryar masu farar rigar asibiti na faɗa, mutane suka yi ta gyaɗa kai. Sai da aka tashi na ga yarinyar tana sa hularta, fuskarta babu alamar jini. Na ce a raina yarinya ce, za ta manta.

Ta yi karatun jinya, ta tafi Norway aiki. Takan aiko wa uban kati da Kirsimeti, takan zo sau ɗaya a shekara uku ko huɗu, amma ba ta taɓa yarda ta zo a Nuwamba ba. In an tambayi Kornel labarin jikoki, sai ya ce yaran yanzu aiki suka sa gaba. Ya yi ritaya daga tasha, aka sa na'ura a madadinsa, wadda Zenon ya ce ta fi shi tausayi. Da aka ba mutane damar ganin takardun da 'yan leƙen asirin tsohuwar gwamnati suka tara a kansu, Jagoda ta rubuta ta nemi na uwarta. Aka ce babu. Wataƙila an ƙone, wataƙila ba a taɓa rubuta komai a kanta ba. Ko a nan ma amsa biyu aka ba ta.

Sai a 2019 ta zo a Nuwamba. Na gamu da su a maƙabarta, ina dawowa daga kabarin mijina. Ko'ina kyandirori cikin jajayen kwalabe, mutane kamar kasuwa. Kornel, da shekararsa saba'in da shida, ya durƙusa yana goge dutsen kabarin Ludwika da tsumma. Jagoda na tsaye, furfura ta fara fito mata, tsayin uwarta sak. Na gaishe su zan wuce, ta ce in tsaya.

"Gara da kika zo, Pani Mirka, ke ce mai ilimin abin." Ta juya ga uban. "Baba, akwai mutumin da na zauna da shi shekara tara. Mutumin kirki. 'Ya'ya yake so, na ce a'a. Ya jira, ya gaji, ya tafi. Yanzu 'ya'yansa biyu. Ka san me ya sa na ce a'a?"

Hannun Kornel ya tsaya a kan dutsen.

"Tun ina 'yar sha shida, in na ajiye makulli na manta inda na sa shi, sai gabana ya faɗi, in ce ga shi nan ya fara. Kullum kafin in fita aiki sai na ɗauki hoton kicin ɗina da waya, in na dawo in duba. Ban so in bar wa wata yarinya wannan gadon ba." Ba kuka take yi ba, da irin muryarsa take magana, shimfiɗaɗɗiya. "Ba faɗa na zo yi ba. Tambaya ɗaya ce. Mama ta haukace, ko ba ta haukace ba?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kornel ya ninke tsumman gida huɗu, ya sa a aljihu, ya dafa dutsen ya miƙe da ƙyar.

"Ban san wannan ne dalilin ba," ya ce. "Na ɗauka aiki ne."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Jibi Lahadi. Ki zo Gidan Al'adu."

"Baba, ni ba fim na zo kallo ba."

"Na sani. Ni ne ban iya magana ba sai da makirfo."

Ranar Lahadi mu wajen arba'in ne, yawancinmu tsofaffi, sai 'yan sakandare shida da malaminsu ya turo, suna ta latsa waya. Jagoda ta zauna a layin gaba, inda ba mai son zama. Zenon, wanda yanzu da sanda yake tafiya, ya raɗa mini, "Yau za a yi ta." Na ce ya rufe mini baki.

Kornel ya karanta kamar kullum. "Goma sha huɗu ne, na rantse." "Kin gaji ne, je ki kwanta." Na haddace fim ɗin nan kamar addu'ar cin abinci, amma a ranar Kornel nake kallo, ba majigi ba. Mota ta zo. Aka tafi da matar. Mijin ya rufe ƙofa, ya ɗora ƙafa a takin farko. A nan ne Kornel yake kashe fitilarsa duk shekara, don takarda ta ƙare. Fitilar ba ta mutu ba.

"Ɗaya," in ji lasifika.

Wani ɗan makaranta ya yi 'yar dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye abarsa.

"Biyu. Uku. Huɗu."

Daidai da ƙafar mutumin yake ƙirgawa, da muryar sanar da jirgi. A taki na sha ɗaya fim ɗin yake yankewa, kowa ya san wannan. Majigi ya yi baƙi, muryar ba ta tsaya ba. Sha biyu. Sha uku. Na ji numfashinsa a lasifika, abin da ban taɓa ji ba.

"Sha huɗu."

Aka kunna wuta. Ba wanda ya tashi zuwa wurin shayi. Kornel bai kalli kowa ba, makirfon yake kallo.

"A shekarar da sojoji suka cika tituna, ran sha tara ga Fabrairu, na dawo gida da rana, na manta tabarauna. Na gamu da mutanen gwamnati biyu suna fitowa daga ƙofarmu, ɗaya yana kulle ta da makullinsa. Ya san sunana. Ya ce matata ba ta da lafiya, marar lafiya kuma asibiti ake kai shi. Ya ce in kuwa lafiyarta ƙalau, to kurkuku ne, ni a kore ni daga tasha, yarinya a kai ta gidan marayu. Ya ce in zaɓa. Da na shiga, kujerata tana inda ba a ajiye ta. Na mayar da ita kafin Ludwika ta dawo." Ya gyara takardun da ba sa buƙatar gyara. "Na ce a raina wata shida ne, ƙura ta lafa in ɗauko ta. Da na je ɗauko ta, sun riga sun mayar da ita abin da takardar ta ce. Labulen ma ba namu ba ne, Pani Mirka. Namu ɗigonsa ƙanana ne."

Zenon, wanda ya shekara talatin da biyar yana jiran wannan rana, ya sunkuyar da kai yana murza kan sandarsa. Bai yi kama da wanda ya ci gardama ba.

Jagoda ta miƙe. Na ɗauka za ta yi ihu, na ma so ta yi. Ta je gaban ɗan teburin ta kashe makirfon, amma zauren shiru ne, duk mun ji.

"Mutanen nan mulkinsu ya faɗi tun ina 'yar sha biyar. Bayan nan wa kake tsoro?"

"Ke," ya ce.

Ta daɗe tana kallonsa. "Shekarata arba'in da biyar, Baba."

Ta ɗauki jakarta, ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce, "Ashe ba a jini yake ba, Pani Mirka," ta fita. Washegari ta hau jirgin Lublin, na'ura ce ta sanar da tashinsa.

Ba a jefa wake a ranar ba, ba a kuma sake nuna fim ɗin bene ba. Babu wanda ya hana, babu dai wanda ya nema. Kwalaben suna nan a kan kabad ɗin zauren, ban san wa zai yi ƙarfin halin zubar da su ba. Kirsimeti ta zo, kati bai zo ba. Na fara kai wa Kornel miya da burodi duk Talata, ba don alheri ba, don ban san wani ɗakin da zan iya zama a garin nan ba tare da na ji ana kallona ba. Mukan zauna a kicin ɗin, ba ma wata hira. Labulen nan kore har yanzu shi ne a tagar, ya koɗe, ya kusa zama fari. Na tambaye shi me ya sa bai cire ba duk shekarun nan, ya ce bai ga yana da ikon cirewa ba.

Wata Talata a watan Maris na tarar da shi zaune da kati a gabansa, mai hatimin Norway. Layi ɗaya ne a jiki, babu gaisuwa, babu "Baba", babu ma sa hannu. Ya sa tabarau, ya gyara zama kamar yadda yake yi a gaban makirfo, ya buɗe baki zai karanta mini. Muryar ta fito a kalmar farko, ta karye a ta biyu. Ya sake gwadawa, ta ƙi. Ya turo mini katin.

"Karanta mini, Pani Mirka. Na kasa."

Na karanta masa, ba da kyau ba: "Yau na fita aiki ban ɗauki hoton kicin ba."

Ya ce in sake, na sake. Har yau ba ta zo ba, ba ta kuma ƙara aiko da komai ba. Katin yana jingine da gwangwanin sukari, duk Talata nakan karanta masa kafin miya ta huce.